Shekarar da Na Dasa Kiri-kiri

Da sunan Allah nake farawa, shi nake roƙo ya ba ni numfashin da zan kai ƙarshe. Ni ce Falmata, wadda ta haifi babanku. Ban yi lakkal ba, makarantar boko ke nan, ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. Na ji abin da ake gaya muku a Diffa, wai ni ce tsohuwar da ta nome filin ƙwallo kamar gonar tattasai, wai kuma Mele, ƙanin kakanku, mugun mutum ne da ya raba gonar gado saboda ciyawa. Na farkon gaskiya ne, ku yi dariyarku, ni ma ina yi. Na biyun ƙarya ne, kuma saboda shi na zaunar da ku.

Babanku ɗan fari ne, bakina bai saba da sunansa ba, amma gari na kiransa Kiari. Tun yana ƙarami yake son balo, wato ƙwallo, sai dai balo ba ta son shi. In ya buga gabas sai ta tafi kudu. Abokansa sukan tsayar da shi a raga don kada ya ɓata musu wasa, can ma sai a zura mishi yana kallon wani wuri. Amma kansa yana ja. Daga lakkal ɗin nan aka kai shi Damagaram, daga Damagaram sai Yamai, daga Yamai sai wata ƙasa mai sanyi inda ya dawo mini da tari da takardu. Ya yi aikin banki a Yamai shekaru, sannan wani kamfani na Lome ya ɗauke shi. Da ya zo sallah na tambaye shi me suke sayarwa a wannan kamfanin.

"Ba ma sayar da kome, Ya," in ji shi, don Ya yake ce mini. "Mutane ne ke kawo dukiyarsu, mu kuma mu duba wace sana'a ce za ta tashi, mu saka a ciki."

"In ba ta tashi ba fa?"

"Sai a kore ni."

"An kore ka?"

"Tukuna dai."

To, ba a kore shi ba. Ya saka a gidan casar shinkafa ya tashi, ya saka a manyan motoci suka tashi, ya saka a gidan sanyi na kifi a bakin teku, wannan ya faɗi, ya yi wata uku ba ya cin abinci sosai, sannan ya sake miƙewa. Har ya zama shi ne babba, masu kwat suna zaune a ƙofar biro ɗinsa, wato ofis, suna jiran ya ce su shigo. Ni dai abin da na sani, duk wannan dukiyar a garuruwan mutane take tashi, kuma ɗana sau ɗaya yake zuwa gida a shekara, kwana huɗu, ya koma.

A wancan lokacin akwai ƙungiyar ƙwallo a garin nan, ana ce musu Ƴan Tattasai saboda jajayen rigunansu. Alhaji Isufu ne ke riƙe da su, Badamagare mai kantuna a kasuwa, mutum mai fara'a da son a gan shi. Yaran suka yi ta ci, suka yi ta ci, har suka hau cikin manyan ƙungiyoyin ƙasa, nauyi ya yi wa Alhaji yawa. Sai babanku ya shiga, rabi nasa rabi na Alhaji. Na ce ya nuna mini yaran da suke nasa don in san waɗanda zan riƙa aika wa fura. Ya yi dariya ya ce ba haka ake rabawa ba, kamar injin ban ruwa ne da mutum biyu suka haɗa suka saya. Wannan na gane. Kuma daga shekarar nan ɗana ya fara zuwa gida sau uku, sau huɗu, yana sauka da ƙurar hanya yana tambayar wane yaro ne ya ji ciwo kafin ya tambayi lafiyata. Ban ji haushi ba. Ina ganinsa, shi ke nan.

Sai takarda ta zo daga masu kula da ƙwallo a Yamai. Suka ce manyan ƙungiyoyi ba za su zo su yi wasa a kan yashi da ƙarangiya ba. Ko dai filin Ƴan Tattasai ya yi ciyawa kafin ƙarshen sanyi, za a aiko mutum ya duba, ko kuma a mayar da duk wasanninsu Damagaram. A tsakar gidana suka zauna da la'asar, damina na ƙarewa, shi da Alhaji, ana zuba shayi.

"Can ma gida ne, Kiari," in ji Alhaji. "Akwai fili, akwai jama'a, akwai masauki."

"Gidanka ne, Alhaji. In suka tafi, yaran can za a fara ɗauka. Shekara biyu, ba sauran ɗan Diffa a ciki."

"To kai za ka shuka ciyawar? Kai da ko albasa ba ka taɓa dasawa ba?"

Babanku ya juyo ya dube ni. Ina can gefe ina tsince wake.

"Ya," in ji shi, "duk kwarin Komadugu ba wanda ya san ruwa kamar ke. Ina son ki sa filin nan ya yi kore. Ko'ina, daga wannan raga zuwa waccan."

Na tambaye shi wace irin ciyawa. Ya ce ya tambayi masana, sun ce wadda za ta jure zafinmu da taku ita ce kiri-kiri. Na ajiye faifan. Ku da kuka tashi a birni ba ku san kiri-kiri ba. Ciyawa ce mai rarrafe, in ka tsinke ta nan ta ɓullo can, in ka bar gaɓa ɗaya a ƙasa ta cinye maka fangali. Shekara arba'in ina yaƙi da ita, ita ta sunkuyar mini da baya. Yau ga ɗan da na haifa yana roƙona in dasa ta in ba ta ruwa. Na yi dariya har hawaye, amma a cikina wani daɗi ne ya taso, don tun da ya girma bai taɓa ba ni aiki ba, aike kawai yake yi mini. Na ce na karɓa. Ya bar sabon inji da tuyo, robar jan ruwa, ya koma Lome.

Kai, wannan kaka an yi abin kallo. Na aika gona gona, na ce duk mai kiri-kiri a lambunsa za mu zo mu cire mishi kyauta. Manoma suka ɗauka na zauce, amma ba wanda ya ce a'a. Amalanken jakuna suka riƙa ratsa gari cike da ciyawar da kowa ke zagi, mata na leƙowa suna tafi, wani tsoho ya bi mu da kwando yana cewa Ya Falmata ga tawa ma, ta fi ta kowa taurin kai. Filin yana bayan gari, gangaren kogi, ƙarafan raga biyu tsaye a ƙarshensa. Na sa aka kewaye shi da ƙaya da zana saboda awaki, yaran ƙungiyar suka koma motsa jiki a wani fili. Sannan na tsaya a tsakiya na dubi ƙasar, na ga inda ta karkata, na fara aiki yadda uwata ta koya mini, yadda uwarta ta koya mata. Na ja babbar hanyar ruwa daga wannan raga zuwa waccan. Na fitar da ƙanana dama da hagu. Na yanka filin fangali fangali, kowanne da kunyarsa mai tsayin taƙi ɗaya, don ruwa ya shiga ya kwanta ya jiƙa saiwa. Haka ake ba ƙasa ruwa. Ban san wata hanya ba, kuma ba wanda ya haife ni da ya san wata.

Ku sani, ban taɓa ganin wasan manya ba. Abin da na sani yara ne a lungu suna tsallake kwata da turmi suna bin tsumma. Na ce wanda ya tsallake kwata ai zai tsallake kunya. Har na ce a raina abin ma ya yi tsari, kowane yaro ya tsaya a fangalinsa, ba ture-ture.

Ba wai ba a gani ba. Malam Abdu, mai koya wa yaran wasa, ya zo wata safiya ya tsaya a bakin zana, ya cire hula ya mayar.

"Hajiya, sannu da aiki. Waɗannan kunyoyin, daga baya za a cire su ko?"

"Malam Abdu, ka taɓa ba gona ruwa?"

"A'a, Hajiya."

"To."

Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya tafi. Wa zai gyara wa uwar patoro, mai ƙungiya, magana, tsohuwa mai furfura, a kan aikin da ta fi kowa sani? Shi ya ɗauka akwai dabarar da bai gane ba, ni na ɗauka ya gamsu. Alhaji ma ya zo, ya shafa gemu, ya ce kai madalla. Ban ce da wata manufa ya yi shiru ba, Allah ne ya san zuciya. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa gari, babanku yakan kira ya ce, Ya, ya yi kore? In ce ya yi. Bai taɓa tambayar wani abu ba, ni ma ban ga abin ƙarawa ba. Kuma wallahi ya yi kore. Irin koren da ban taɓa gani ba, shar, mai kauri kamar bargo, mutane na hawa bishiya don su leƙa.

Saura kwana arba'in mutumin Yamai ya zo, sai ga babanku. Ko gida bai shiga ba, ya ce mu je. Na sa sabon mayafi. Na buɗe mishi zana da hannuna, na ja baya don ya gani da kyau. Ya shiga, ya yi taku uku, ya tsaya. Ya dubi hanyar ruwan da ta raba filin biyu, ya dubi fangali jere har ƙarshen ido. Sai ya zauna a kan kunya da wandonsa mai tsada, ya fara dariya, yana dariya yana riƙe ciki, har na fara taya shi ban san dalili ba. Can dariyar ta tsaya. Ya sa kai tsakanin gwiwoyi ya daɗe.

"Ya," in ji shi a hankali, "balo ba ta tsallake kunya. Gangarawa take yi. Dole filin ya zama shimfiɗe kamar tabarma."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ban san ana faɗa ba."

Ni kuma ban san ana tambaya ba. Muka zauna a kan kunya ɗaya, uwa da ɗa, ba mai kallon wani.

Rushe kunya ba wuya. Wuyar tana bayanta. In an baje kunyoyi an cike hanyoyin ruwa, filin zai fito da zanen ƙasa tsirara ko'ina kamar raga, sai an sake dashe a kai. Kuma ba fangali, ruwa ba zai kwanta ba, sai an bi da tuyo ana yayyafi safe da yamma, kullum, abin da zai sha ruwa ninkin na da. Ga shi sanyi ya yi nisa, Komadugu ta daina gudu, ta yanke ta zama ƙududdufai. Ku ji yadda al'adarmu take. In kogi ya yanke, kowane gida ya san ƙududdufinsa tun daga kakanni, da shi zai ƙarasa tattasansa, kuma ba mai jefa tuyo a na wani ko da ɗan'uwansa ne. Wanda ke ƙasan filin ƙwallo namu ne. Shi ke shayar da gonarmu, wadda tun rasuwar kakanku muke nomawa tare da ƙaninsa Mele, ba a raba ba, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Tattasai ya ba da tsinka biyu, yana ɗauke da na uku, wanda ya fi kowanne yawa, ga fure a bayansa. Ruwan da ya rage zai ishi gona ko ya ishi fili. Ba zai ishi biyun ba.

Babanku bai zauna ba. Ya nemi masu injin haƙa rijiya, suka ce suna wani aiki can yamma, sai bayan wata biyu. Ya bi maƙwabta gida gida, kowa ya karɓe shi da shimfiɗa ya sallame shi da haƙuri, don ba mai ba da ruwansa tattasai na kan itace. Rana ta uku ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa.

"A bari, Ya. A tafi Damagaram. Laifina ne."

Na dube shi. Na ga mutumin da ya yi shekaru yana tayar da sana'o'i a garuruwan da ban san sunansu ba, wannan ne abu na farko da ya sa hannunsa a garin da aka yanke cibiyarsa. In ƙungiyar ta koma Damagaram, motarsa ma a Damagaram za ta riƙa tsayawa, in koma ganinsa kwana huɗu a shekara. Ban ɓoye muku ba, wannan yana ciki. Akwai kuma mutanen da suka ba ni ciyawarsu suna dariya, akwai yaran da ke durƙusa mini a hanya suna cewa Kaka yaushe za mu shiga. Kuma hannuna ne ya ja kunyoyin nan. Na ce mishi ya je ya kwanta ya huta, da safe zan ga Mele.

Na same shi a gona hantsi bai yi ba, yana buɗe wa fangali ruwa da fartanya. Mele mutum ne marar yawan magana, tun da yayansa ya rasu bai taɓa barin buhuna ya yi ƙasa da nasa ba, shi ya kai babanku tasha ranar da zai tafi Damagaram karatu. Na faɗa mishi abin da ya kawo ni. Bai ɗago ba sai da ya toshe bakin fangalin.

"Ya Falmata, ruwan da ubanmu ya bari, shi za ki ba kiri-kiri?"

"Shi."

"Dubi itacen nan. Dube shi da kyau. Wata biyar ina kwana da shi ina tashi da shi."

"Na gani, Mele."

Babanku, da ya biyo ni a baya, ya ce Baba duk abin da aka rasa ni zan mayar, har da ƙari. Mele ya juya ya dube shi, kallon da ban taɓa ganin ya yi wa yaron ba.

"Ɗana, na san kana da shi. Amma ba a kashe abu mai rai da ƙishi don yara su yi guje-guje. Ajiye abinka." Ya juyo gare ni. "Ke ce babba, matar yayana ce, ba zan riƙe miki hannu ba. Amma in kin ja tuyon nan, ni ma zan ja shinge. Ba zan sake haɗa shuka da wanda zai iya yin haka ba."

Na tsaya. Inji na ta bugawa a bakin ruwa. Na taka na je na kashe shi, na sunkuya na ɗaga bakin tuyon daga hanyar ruwan gona, yana ɗiga a ƙafata, na ja shi zuwa sama wajen fili. Yana da nauyi. Babanku ya zo zai kama, na ce ya bari. Ban so a ce wani ne ya yi.

Daga ranar kuwa fili ya zama kasuwa. Yaran ƙungiyar duka suka tuɓe riguna suka kama manjagara da shebur, Malam Abdu a gaba, wannan karon bakinsa a buɗe, yana cewa Hajiya nan ya yi tudu, ni kuma ina cewa na ji Malam. Muka yanke ciyawar kan kunyoyi faifai faifai muka ajiye a inuwa, muka baje ƙasa, muka cike hanyoyin ruwa. Wani maƙeri ya kawo tsohuwar ƙofar ƙarfe, aka ɗaura wa shanu biyu suna ja, mai tsaron raga zaune a kai don nauyi, yana ɗaga wa jama'a hannu kamar ango. Babanku ya kawo igiya da wani katako mai ruwa a ciki wai shi ke nuna daidaito. Na ce ya ajiye. Na sa aka saki ruwa siriri, muka tsaya muna kallo, inda ya taru a ƙara ƙasa, inda ya gudu a rage. Matan unguwa suka zo dashe, layi guda, suna waƙa suna tsokanar yaran, wai ƙafafu kamar muciya amma ba a iya riƙe fartanya ba. Alhaji Isufu ya aiko da buhun shinkafa da ɗan akuya, shi ma ya zo ya naɗe babbar riga ya riƙe tuyo, ya jiƙa kansa fiye da ciyawar. Babanku bai koma Lome ba, daga bakin fili yake kiran biro ɗinsa, waya a kunne laka har gwiwa. Kwana arba'in cur ɗana yana cin tuwona. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba.

Amma na canza hanya. Na daina bi ta gona. Sau ɗaya ƙafata ta kai ni, cikin mako na uku. Ganye ya lanƙwashe ya yi fari, fure ya zube, ƴaƴan da ba su nuna ba sun yamutse a kan itace. Mele yana tsakiya shi kaɗai da kwando yana tsince abin da za a iya tsinta. Ya gan ni, na gan shi. Na juya.

Mutumin Yamai ya zo ranar wata Talata, siriri, da tabarau da littafi, balo a hammata. Ƙududdufinmu ya kusa zama laka. Ina zaune a kan tabarma bakin zana, ni dai ina ganin zanen tsofaffin kunyoyi a cikin koren, ko da wani bai gani ba. Ya taka filin tsaye, ya taka shi a kwance. Ya durƙusa ya ja ciyawar da yatsu, ta ƙi fita, na ce a raina ja da kyau, ni na san ta. Sannan ya ajiye balo daidai inda babbar hanyar ruwa take a da, ya tura ta da gefen ƙafa. Kowa ya bi ta da ido. Ta gangara, ta gangara, ba ta yi tsalle ba, ba ta karkace ba, ta je ta tsaya da kanta. Ya bi ta ya sake turawa ta wani gefen. Ya rubuta wani abu.

"Wane kamfani ne ya yi muku aikin nan?" in ji shi.

Alhaji ya nuna ni da sandarsa. "Ga kamfanin can zaune a kan tabarma."

Mutumin ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya sa hannu a takarda a kan gwiwarsa. Guɗar da aka yi, an ce har ƙetaren kogi an ji.

Wasan farko kuwa, ban san Diffa na da mutane haka ba. Daga Maine an zo, daga Tumur an zo a bayan kamiyo, manyan motocin kaya, masu ganga da algaita tun azahar suke. Aka sa mini kujera a gaba, tsakanin babanku da Alhaji. Yaranmu suka fito da jajayen riguna a kan koren nan, sai na ji idona ya cika. Amma da baƙin suka matso kusa na ga ƙasan takalmansu, ƙusoshi ne jere. Na dubi na yaranmu, su ma haka. Ba wanda ya gaya mini wannan ma. Aka busa, suka fara gudu, wani ƙato ya zame ya kwashe mini ciyawa kamar faɗin faifai. Na miƙe tsaye na ce kai ɗan nan, a gidanku haka ake yi? Alhaji ya riƙe mini mayafi yana dariya har yana tari. Ina can ina harara inda aka kwashe, ina lissafin yadda zan toshe shi, sai ƙasa ta girgiza, babanku ya daka tsalle ya rungume Alhaji, hula ta faɗi. Wai mun ci. Ƙwallo ɗaya aka ci a wasan nan, tamu ce, kuma ni ban gan ta ba.

Ƴan Tattasai ba su je Damagaram ba. Daga baya aka haƙa rijiya a filin, ba a sake taɓa ƙududdufin kowa ba. Amma Mele ya ja shingensa kafin damina, daga bakin kogi har kan tudu, rumbu ya zama biyu, tukunya ta zama biyu, kuma bai karɓi kome daga hannun babanku ba har ya koma ga Allah. Shingen yana nan. Kada in ji ɗayanku ya zage shi a kai. Abin da ya faɗa gaskiya ne, na kashe abu mai rai da ƙishi ina sane. Da za a mayar da ni safiyar nan zan sake jan tuyon, shi kuma zai sake jan shingen, kuma ba wanda zai yi ƙarya a cikinmu.

Ranar wasan, da jama'a suka watse suka bi ganga cikin gari, rana ta yi ja, na shiga filin da fartanyata ina mayar da ciyawar da aka kwashe ina dannawa da ƙafa. Sai na ji mutum a bakin zana. Mele ne, da kwandonsa, zai wuce gida. Bai yi sallama ba. Ya tsaya ya daɗe yana duban filin daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Wajen ragar yamma ruwa ya yi yawa," in ji shi. "Saiwa za ta ruɓe."

Ya wuce. A shekarar nan duka maganar da ya yi mini ke nan. Na je wajen ragar yamma na tura yatsa a ƙasa. Ruwa ya yi yawa.